Shekarar da Na Yi wa Kwamfuta Fifita

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa mini: ni ne mutumin da ya kwashe bazara guda yana yi wa akwati fifita, gonarsa tana can Lau tana jiran iri. Ba taɓin hankali gare ni ba a lokacin. Da gemuna, da matata, da 'ya'ya. Wauta ce irin wadda mai ita yake ɗauka wayo ne, ita ce kuwa ba ta jin magani.

Zafin bana ne ya tono mini zancen. Shekaranjiya bayan azahar na fito ƙofar gida a nan unguwar Barade ta Jalingo neman iska, sai na hangi mai cajin waya na bakin layinmu ya jera wayoyin mutane a kan tebur, ya yagi kwali yana yi musu fifita, shi kuwa gumi na ɗiga daga haɓarsa. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Ya ɗago ya ce, "Baba, lafiya?" Na ce masa lafiya lau, yi aikinka, sana'ar tana da tsofaffi a gari.

Shekarar da nake magana tana can wajen ƙarshen mulkin soja. Jalingo ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, kowa yana son takardarsa a buge, ko da ta neman aikin gadi ce. Daminar da ta gabata Binuwai, kogin da ya bi ta gefen Lau, ta yi mana ɓarna, ta hau ta kwanta a kan shinkafarmu ta fadama har ta ruɓe. Dawar tudu kaɗai muka tsira da ita, ita ma ba ta kai wuyan rumbu ba. Muka zauna da Dija, uwar 'ya'yana, muka yi shawara. Ta ce hannu ɗaya in ya ragu a kwano hatsin zai ƙara kwana, hannuna kuwa ba ƙarami ba ne. Na ce na ji, zan tafi cin rani.

Sharaɗinta ɗaya ne: in dawo kafin ruwan shuka. A garinmu aikin gona gayya ce, gayya kuwa ramuwa ce, ka je ta wani a zo taka. Shanun huɗa ma, na yayana Hamma, bi da bi ake yi da su gida gida, wanda layi ya zo kansa babu namijin da zai riƙe garma sai a tsallake shi, don ruwa ba ya jiran kowa. Na ce mata, "Haba Dija. Da kin ga shamuwa kin gan ni."

Bokona aji uku ne, shi ma mangwaron makarantar ne ya riƙe ni, don haka ba aikin biro na je nema ba. Allah ya haɗa ni da Mista Yohanna, tsohon akawu da ya yi ritaya ya buɗe shagon buga takardu a bayan babbar kasuwa. Mutum ne mai kirki, mai tumbi, mai saurin firgita. Aikina shara, ɗebo ruwa, tayar da janareta, da neman man da za a zuba masa. Ina kwana a barandar shagon, da rana kuma matarsa tana aiko mana da abinci a kula. Wannan kular, ku yarda da ni, ita ce farkon abin da ya fara ɗaure mini ƙafa.

Shagon ciki da falo ne, kwamfuta biyu. Ta falo muna ce mata Babba, ita ce aka jona wa firinta, kuma Rifkatu ce ke kanta, wata yarinya 'yar garin Mutum Biyu mai yatsu kamar ana zuba tsakuwa a kan kwano. Ta ciki muna ce mata Ƙarama, ita Mista Yohanna ke dannawa da yatsa biyu, yana neman kowane harafi kamar ya ɓace masa. Tsakaninsu akwai wata baƙar igiya da aka huda bango aka zura, domin abin da ya rubuta a ciki ya bi ta nan ya fito a firintar falo. Ɗan kasuwar da ya kawo su daga kudu shi ya haɗa komai, ya tafi, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Sai bazara ta shigo. Zafin Jalingo ba irin na Lau ba ne. A Lau ko kogi ya janye yana turo maka 'yar iska. Jalingo kuwa duwatsu sun kewaye ta kamar murhu, mu ne a cikin tukunyar. Tun da hantsi kwanon rufi zai fara ƙas-ƙas. Benci ba ya zaunuwa. Ƙudaje sun ƙoshi da ruɓaɓɓen mangwaro har ba sa iya tashi. Lamurde, rafin garin, ta ƙafe, ta zama yashi fari, mata suna durƙushe a tsakiyarta suna tona rami da ƙoƙo, su jira ruwa ya tsatso kaɗan kaɗan, su kwalfa. 'Yan garuwa sun zama manyan mutane, sai ka yi musu gaisuwa biyu kafin su juyo. Wutar lantarki kuwa mun manta kamanninta, ƙwan fitilar shagon har gizo-gizo ya yi masa gida.

Man fetur shi ne ya ƙarasa mu. An hana sayarwa a jarka, wai 'yan bumburutu ke kwashewa, don haka sai in kwance tankin janareta in ɗora a ka, in tafi gidan mai in bi layi da shi kamar mai kai gaisuwar mutuwa. Kafin in dawo, ɗan man da aka rage a galan ake jona wa janareta da tiyo. Babu inuwa. Kwalta tana kama takalmi. Gabanka acaba, bayanka acaba, gefe soja da bulala. Wata rana ka kai bakin famfo a ce ya ƙare. Wata rana ka samu, ka dawo da la'asar kana warin mai, idonka na ganin abu bibbiyu. Yaran yanzu da ke ɗora faifan sola a kan rufi su kwanta, in na ba su labarin tankin nan sai su ɗauka tatsuniya nake yi, ni ma ban cika matsa musu ba.

A cikin wannan hali Babba ta kamu da ciwonta. Mista Yohanna ya samo aikin buga tambayoyin jarrabawa na wasu makarantu, aikin da ya ce in ya yi kyau shagon ya tsaya da ƙafarsa. Rifkatu tana cikin zuba gudu, sai kawai abu ya sandare. Ɗan kibiyar da ke yawo a gilashi ya tsaya cak, can sai fuskar duka ta koma shuɗi kamar an tsoma ta a marina, da wasu fararen rubutu da ko Mista Yohanna bai san kansu ba. Sai a kashe a kunna. Duk abin da ba ta adana ba ya tafi. Ta kifa kai a tebur ta ce, "Wayyo Yesu, lissafin aji shida!"

Da kullum take yi da sauƙi. Ciwon da ke zaune ya fi daɗin jinya a kan mai zuwa ya tafi. Wata rana ta wuni garau kamar ba ita ba. Wata rana ta suma, a tashe ta, ta ƙara sumewa kafin kula ta iso.

Ni aka fara tuhuma, tun da ni ne mai janareta. Aka kira makaniki ya wanke masa ciki, aka sayo sitabilaiza mai nauyin ɗan maraƙi. Ta suma. Mista Yohanna ya juya kan Rifkatu, da Hausarsa da ba ta damu da mace ko namiji ba: "Ke ne! Kina duka shi kamar tafireta. Wannan abu ba ya son faɗa." Rifkatu ta koma dannawa a hankali kamar mai taɓa ƙurji. Ta suma. Aka ce cuta ce ke zuwa a diskin ɗalibai, aka hana kowa shigowa da diski. Ta suma. Wani mai gyaran rediyo ya buɗe cikinta, ya hura, ya zaro ƙwan tsaka ya ɗaga sama kamar ya kamo ɓarawo, muka yi ta yi masa sannu. Washegari ta suma. Faston su Mista Yohanna ya zo ya ɗora mata hannu, ni ma da suka fita na yi mata tofi, don kada a ce ɓangarenmu bai yi komai ba. Ta karɓi duka biyun, ta suma.

Ran nan na dawo daga layi da tanki wayam, ƙafafuna sun kumbura, leɓena ya tsage. Na jingina da teburin Rifkatu don kada in faɗi, hannuna ya sauka a bayan Babba, na ji ta da zafi kamar murfin tukunya. A nan shaiɗan ya raɗa mini magana. Na ce, "Oga, wannan ba aljani ba ne, ba cuta ba ce. Zafi ne. Ni da nake mutum ma ga yadda na koma."

Ya ce, "To yaya za a yi? Fanka zai sha mai."

Na ce, "A garinmu in ana son randa ta yi sanyi, buhu ake jiƙawa. A bar mini ita gobe. Amma fa ba zan iya jinya a nan in kuma bi layi a can ba, jiki ɗaya gare ni."

Ya dubi tankin, ya dubi Babba, ya ce in gwada.

Washegari na samo buhun algarara na jiƙa shi sharkaf, na rataye a tagar da ke bayanta, na sayo maficin kaba, na ja kujera na zauna a inuwa. Rifkatu ta ce, "Baba Buba, in ɗigo ɗaya ya shiga ciki, ni ban san ka ba." Na fara fifita, iska na ratsa buhu tana fitowa da sanyi. Tun da ba wanda ya je layi, ɗan man da ya rage lallaɓa shi aka yi: Mista Yohanna ya bar Ƙarama a kashe, ya koma rubutu da biro. Aka wuni, Babba ko gezau.

Kashegari ma haka. Da mai ya ƙare na koma layi, na yi sa'a na cika tanki, na dawo na zube a baranda kamar buhun gishiri. Mista Yohanna don murna ya kunna duka biyun, ya shiga ciki ya hau danne-dannensa. Ban gama shan ruwa ba na ji Rifkatu ta yi ƙara. Ya fito da gudu, ya dube ni a kwance, ya dubi mafici a ƙasa, ya ce, "Ka gani? Ka gani! Buba, daga yau ba ka zuwa layi. Za mu saya na bumburutu, ko kaɗan ne, ya ishe Babba. Kai ka zauna a wajen shi."

Ranar farko na san ƙarya nake yi. Bayan 'yan kwanaki na fara shakka. Kafin wata ya juya, duk shagon ba wanda ya kai ni imani. Ai ga shi a fili: ina fifita, ba ta suma. Man bumburutu tsada, galan ɗaya ake lallaɓawa, Ƙarama na can ciki a lulluɓe da zane, ba wanda ya ƙara tuna ta. Ni kuwa na zama Injiniya Buba. Masu shagunan layin suna leƙowa kallo. Ɗalibai suna tambayata ko a Jos na koyo, in ce musu sirrin gida ne. Nama ya fara bayyana a ɓangarena na kula. Ni da ban taɓa jin an kira ni da wani abu da ya wuce "kai mai tanki" ba, kaina ya kumbura ya fi ƙafafuna na da.

Kada ku ɗauka hutu ne zalla. Buhu yana bushewa kafin ka juya, ruwa kuwa ya fi mai wuya. Da asuba nake tafiya Lamurde da bokiti, in tsuguna cikin mata ina jiran rami ya tsatso, suna yi mini tsiya. Wata tsohuwa ta tambaye ni ko mai jego gare ni a gida, na ce mata eh, kuma ba ta cin komai sai iska. Wani lokaci ruwan da zan sha shi nake zuba wa buhu. Kafaɗata ta dama ta riƙe, in koma hagu, ita ma ta riƙe. Har yau in hadari ya haɗo kafaɗun nan sai sun tuna mini.

Sai iska ta juya. Ta fara zuwa daga kudu da nauyi, da ɗan danshi. Gajimare ya fara taruwa a kan duwatsu da yamma, ya yi ta gurnani ya watse. Wata safiya ina dawowa daga rafi na ga shamuwa a kan wata doguwar bishiya, tana tsaye da ƙafa ɗaya tana kallona. Na kau da kai kamar mai bashi ya ga mai shi. Ba a jima ba ruwan farko ya sauka, mai ƙarfi, ƙasa ta tashi da ƙamshin nan da ke sa manomi ya kasa zama. Na je na sami Mista Yohanna na ce lokacin tafiyata ya yi.

Ya kama hannuna da hannu biyu. "Buba, jarrabawa bai ƙare ba. In ka tafi wannan abu zai mutu, ni ma na mutu. Kaɗan ya rage. Ka taimake ni."

Da zan ce tausayinsa ne kaɗai ya zaunar da ni, da na ƙara wata ƙaryar. Akwai tausayi. Akwai kula. Akwai kuma Injiniya. Na ce a raina ruwan farko mayaudari ne, masu hankali na biyu suke jira. Na biyu ya zo, na ce ƙasa ba ta gama sha ba.

Ranar wata kasuwa ina tsakiyar aiki, na ji hasken ƙofa ya ragu. Na ɗago, sai ga Dija. Ta biyo motar kifi daga Lau, zanenta duk jar laka, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Ta tsaya a bakin ƙofa. Ta dubi buhu, ta dubi mafici, ta dubi akwatin, ta dube ni. Rifkatu ta miƙe da sauri ta kawo mata ruwa a kofi. "Sannu da zuwa, Mama."

Dija ta sha, ta ce, "Useko, na gode, 'yata." Sannan ta nuna Babba da haɓa. "Ita ce marar lafiyar?"

Na ce, "Dija, wannan aiki ne na ilimi, ba za ki gane ba."

Ta ce, "Ai ban zo ganewa ba, Malam. Na zo in gaya maka an yi gayyar gidan Hamma, an yi ta gidan Jauro mai gari, an yi ta maƙwabta, ana ta tambayar ina kake. Shanu sun zo layinmu, sun tsaya a bakin gona har rana ta ɗaga, aka wuce da su."

"Jibi ina tafe. Wallahi jibi."

Hannuna bai daina kaɗawa ba duk wannan magana, ya riga ya saba. Ta tsaya tana kallon maficin yana kai da komo. Ta ce, "Haihuwa nawa na yi maka a cikin zafi, ban taɓa sanin ka iya wannan ba." Rifkatu ta sunkuyar da kai a kan madannai kamar ta ga wani harafi sabo. Dija ta gyara ɗaurin zane ta fita neman motar komawa, ko zama ba ta yi ba.

Jibi ta zo ta wuce. Abin da ya fasa ƙwan, masu wutar lantarki ne. Ana nan sai ga ƙwan fitila ya kama da rana tsaka, duk layin aka ɗauki ihu. Garin a lokacin ya yi sanyi, an kwana ana ruwa, har Rifkatu ta yafa mayafi. Mista Yohanna ya yaye wa Ƙarama zane, ya kunna, ya zauna ya turo wani dogon aiki da ya daɗe yana tarawa. Ina zaune, buhu jiƙe, mafici na tafiya yadda ya kamata. Babba ta dube ni ido cikin ido ta koma shuɗi.

Na ce buhun ne ya tsufa. Aka sake buhu. Ta suma. Na ce maficin ya saki. Ban ma gama faɗa ba ta ƙara sumewa. Mista Yohanna ya aika Yola a kira wata Malama Hajara da aka ce tana koyar da aikin kwamfuta a can. Ya kamata in kama hanya a ranar. Na tsaya, wai sai na ga idon wadda za ta zo ta ƙaryata ni.

Ta iso da hantsi, 'yar siririya da tabarau, da jaka cike da diski. Ba ta taɓa komai ba da farko. Ta zauna ta ce, "Ranar da take sumewa, me da me ke kunne?" Duk waɗannan watanni ba wanda ya yi wannan tambaya. Muka yi ta kallon juna. Rifkatu ce ta yi tsam, ta ce, "Anti, kamar fa duk ranar da Oga ya kunna tasa ne."

Malama Hajara ta ce a kunna duka biyun. Ta juyo gare ni. "Baba, ɗan ajiye maficin nan tukuna." Na ajiye shi a cinya, ban yarda ya yi nisa ba. Ta sa Mista Yohanna ya turo 'yar gajeriyar wasiƙa, ta fito a firinta lafiya. Ta ce ya turo dogon aikin. Firinta ta fara, ta kai tsakiya, shuɗi. Ta zare baƙar igiyar daga bayan Babba, ta rufe taga, ta sa Rifkatu ta yi ta aiki har ɗakin ya ɗumame muna gumi. Ko tari Babba ba ta yi ba. Ta ciro wata igiyar daga jakarta ta jona, aka turo dogon aiki, shuɗi. Ta ce, "To, ba igiya ba ce." Ta kwance murfin, ta haska wani ɗan kati da igiyar ke shiga cikinsa, ta karanta sunan da ke jikinsa, ta kunna ta duba wani wuri a gilashi, ta yi ɗan murmushi.

Ta yi mana bayani yadda ko ni na gane. Katin lafiyarsa lau. Amma kati ba ya aiki sai da wani ɗan umarni da ake zuba wa kwamfuta daga diski, mai gaya mata yadda za ta bi da shi, direba suke ce masa. Wanda ya haɗa mana ya zuba na wani katin daban mai kama da wannan. In saƙo kaɗan ne ya biyo igiya, sai ya lallaɓa ya wuce. In ya yi yawa sai ya rikice, ya ja kwamfutar duka su faɗi tare. In kuwa Ƙarama na kashe, babu abin da ke biyo igiyar, babu abin da zai rikita shi.

Na ga rigata na neman yagewa a kasuwa, na ce, "To amma Malama, zafin fa? Ni na taɓa na ji."

Ta ce, "Matso, Baba." Ta nuna mini wani abu a cikin akwatin, zagayayye, yana juyawa fir-fir-fir ba ya gajiya. "Tana da nata mafici tun daga inda aka ƙera ta." Sannan ta shafa bayan akwatin ta nuna mini yatsanta, ja da tsatsa. "Wannan kuma aikin buhunka ne. Allah ya rufa asiri ba ta kai ciki ba."

Ta laluba jaka ta zaro diski, ta cire tsohon direban ta zuba wanda ya dace, ta kashe ta kunna. Aka turo dogon aiki, ya fito. Aka turo wanda ya fi shi, ya fito. Suka yi ta turowa har takarda ta ƙare. Kafin la'asar ta gama abin da ya cinye mini bazara, ta wanke hannu tana tambayar inda ake samun motar Yola.

Mista Yohanna ya zauna a kujerata ya yi dariya har hawaye, tumbinsa na rawa. "Buba, ashe ni da kai duka ɗaya ne. Kai kana kaɗa, ni ina ba ka nama." Rifkatu ta ce, "Ni dai ban yi asara ba, Baba. Duk Jalingo ba wadda ta sha iska kamata." Na yi dariya tare da su, don ba ni da wani abin yi. Maficin na bar mata shi.

Da sassafe na hau motar Lau. Hanya ta jiƙe, mun kafe a laka, mun sauka mun tura. Ko'ina kore shar. Masarar mutane ta kai gwiwa, har an fara noman farko, ina ganin layin maza a gonaki sun duƙa tare, ƙarar ganga babu amma ana waƙa. Wasu sun ɗago sun gane ni a bayan mota, suka ɗaga fartanya. Ban san ko gaisuwa ce ba.

Ban shiga gida ba, gona na fara zuwa. Ta wajen tudu an shuka wani yanki da hannu, ba huɗa, layukan a karkace, ramukan kusa kusa irin na wanda ƙafarsa gajera ce. Dija ce da 'yan matanmu. Sauran gonar, fiye da rabi, ciyawa ce har cinya. Na tsaya a ciki, sauro na tashi, ina jin ganga daga gonar wani.

Na shuka abin da ya samu a makare, ni kaɗai, don wanda bai je gayyar kowa ba ba ya da bakin kiran gayya. Hamma ya ba ni shanu bayan kowa ya gama. Dawar ta fito, ruwa ya ɗauke tana da ciki. A daminar nan mun san ɗanɗanon tafasa da rama ba gishiri, mun san yadda ake sa yara barci da wuri. Mun fita, da yake Allah ba ya barin bawa, amma da ƙyar.

Sai dai ba yunwar ce ta fi zama mini ba. A yammacin da na dawo, na shiga gida da 'yar leda ta burodi da sabulu, na shirya barkwancin da zan fara da shi tun daga mota. Dija na tsugune a bakin murhu, ta ɗora ruwa, ga ƙwaryar gari a gabanta tana awo da ludayi. Ta amsa sallamata, ta yi mini sannu da hanya yadda ake yi wa kowa, ta sa aka shimfiɗa mini tabarma. Na buɗe baki ke nan ta riga ni, ludayin na tsaye a hannunta, ko ɗagowa ba ta yi ba. Tambaya ce ta yi mini. Dija ta yi shekaru tare da ni bayan nan, har ta koma ga Mahaliccinta ban ba ta amsa ba.

"Malam, mai gona ne ya dawo, ko baƙo muka yi? In san yawan garin da zan zuba."